Tsoron da Ya Wuce Ƙima: Tambayoyi da Amsoshi kan Warkar da Shi Sannu a Hankali

Na san wata baiwar Allah da cikinta ya kai wata bakwai ba ta taka ƙofar asibiti ba. Kuɗin awo akwai, maigida har faɗa yake yi, amma an gaya mata za a ɗebi jininta, ita kuwa ko sunan allura ta ji sai gwiwoyinta su saki. Dangi suka ce shagwaɓa ce. Irin wannan tsoro likitoci sun san shi, yana kuma cikin larurorin ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Yaushe ne tsoro ke zama ciwo?

Tsoro kansa ni'ima ne. Manomin da ke shakkar kububuwa a gonarsa a Kaltungo, da matafiyin da ke ɗar-ɗar da hanyar da ake garkuwa da mutane, lafiyarsu ƙalau, hankalinsu ne ke aiki. Tsoro yana zama ciwon da likitoci ke kira fobiya idan ya fi ƙarfin haɗarin da ke wurin, yana tasowa kusan duk sadda aka haɗu da abin, ya kai wata 6 ko fiye, kuma ya fara tauye wa mutum rayuwa. Wani ƙadangare ne ko kyankyaso, wani duhu ko tsawa, wani hawa bene, wani shiga mota tun da ya yi hatsari, wani kuwa tsayawa gaban jama'a ya yi magana.

Abin ya fi yadda ake zato yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da larurorin fargaba iri-iri. Binciken da aka yi a ƙasashe 22 ya nuna kusan mutum 7 cikin 100 sun taɓa fama da matsanancin tsoron wani abu guda. Mata sun kusa ninka maza, kuma galibi tun ƙuruciya yake farawa.

Me ke faruwa a jiki har mutum ya ji kamar zai mutu?

Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa irin na maigadi ne. Da ya hango haɗari sai ya sa a zuba sinadarin adirenalin cikin jini tun kafin tunani ya gama tantance abin. Zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya yi sama, gumi ya karyo, baki ya bushe. Duk shirin gudu ne ko kokawa. A wurin mai fobiya maigadin nan yana buga ƙararrawa ko da ɓarawo bai shigo ba. Shi ya sa cewa "ai ba ya cizo" ba ya amfani. Ya san ba ya cizo. Jikinsa ne bai sani ba, jiki kuwa sai da gani yake yarda.

In ina kauce wa abin hankalina a kwance yake. Me zai sa in tayar wa kaina da shi?

Nan ne tushen maganar duka. Da ka kauce sai ka ji sanyi a ranka, wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa takan rubuta cewa gudun ne ya cece ka, gobe sai ta ƙara matsa maka ka gudu. Wani masani ɗan Amurka, Hobart Mowrer, ya yi bayanin wannan a 1947: firgita ce ke dasa tsoro, gudu kuma ke ba shi ruwa.

Kuma ba ya tsayawa inda ya fara. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda ya daina shiga motar haya bayan hatsari, sannu a hankali sai ya daina hawa adaidaita sahu, daga nan ko tsallaka titi ya gagara, zumunci ya yanke, kasuwa ta tsaya. Tun da bai taɓa tsayawa ya ga ƙarshen abin ba, bai sami damar gano cewa tsoro kan hau ya kai ƙololuwa sannan ya sauko da kansa ba.

Wa ya gano hanyar magani ta tunkarar abin tsoro sannu a hankali?

A 1924 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a birnin New York, Mary Cover Jones, ta yi aiki da wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara 3, mai tsoron farin zomo. Takan ba shi abincin da yake so, a ajiye zomon a keji can nesa. Kullum a matso da shi kaɗan. A ƙarshe yaron har shafa zomon yake yi.

Wanda ya mayar da abin tsararren magani shi ne Joseph Wolpe, likita ɗan Afirka ta Kudu da aka haifa a Johannesburg a 1915. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya duba sojojin da yaƙi ya bar su da firgita, ya ga maganin da ake yi musu a lokacin ba ya ɗorewa. Bayan yaƙi sai ya yi gwaji da kyanwoyi. Kyanwar da aka firgita a cikin keji takan ƙi cin abinci a wurin ko da yunwa na cin ta. Sai ya fara ciyar da ita a ɗakin da bai yi kama da na kejin ba, sannan a wanda ya ɗan yi kama, a haka har ta koma ci a cikin kejin. Ya ce ashe in aka haɗa abin tsoro kaɗan da yanayin da ke kishiyantar tsoro, tsoron ne ke ja da baya. Ga mutane, maimakon abinci, sai ya ɗauko dabarar sassauta jiki da Edmund Jacobson na Chicago ya wallafa a 1929. Wolpe ya fitar da cikakken bayanin hanyarsa a 1958.

Yaya ake yi a aikace?

Ana gina tsani. Mai lalurar da mai duba shi sukan zauna su rubuta yanayi 10 zuwa 15 da suka shafi abin, kowanne a ba shi maki daga 0, wato hankali kwance, zuwa 100, wato tsoro mafi tsanani. Sai a fara daga ƙasa.

Bari in ba da wanda na gani da idona. Ɗiyar yayata, tana da shekara 14, ba ta iya fita tsakar gida da dare saboda kyanwa. In ta ji kukanta a kan katanga sai ta toshe kunne ta duƙunƙune a bayan ƙofa. Masaniyar da ta duba ta ta taimaka mata suka jera tsaninta: hoton kyanwa a waya 20, bidiyonta tana tafiya 35, kallon ta gaske ta taga 50, tsayawa a tsakar gida kyanwa na cin abinci can gefe 65, taku 3 tsakaninsu 80, shafa bayanta wani na riƙe da ita 90. Aka samo kyanwar maƙwabta mai lafiya, wadda ta saba da yara.

Ranar da ta fara tsayawa a tsakar gida ina nan. Ta damƙe bakin hijabinta, leɓenta na rawa, ta ce, "Kawu, zuciyata za ta fito." Na yi yadda aka koya mana, na ce, "Nawa ne yanzu, 'yata?" Ta ce tamanin. Ban ce ta yi haƙuri ba, ban ce ta shiga ɗaki ba. Muka tsaya. Kyanwar ta gama lashe kwanonta, ta miƙa ƙafafu, ta kwanta a gindin randa, ko kallon mu ba ta yi ba. Bayan kamar minti goma na sake tambaya, ta ce hamsin. Can ta saki hijabin da kanta ta ce, "Ashe ita ma ba ruwanta da ni." Wannan jimlar ita ce maganin, kuma da ni na faɗa mata ita da ba ta yi aiki ba.

Ƙa'idojin kaɗan ne. A daɗe a kan matakin, kada a tashi lokacin da tsoro ke ganiyarsa. A maimaita shi kwana da kwanaki har ya zama ba komai ba. In mataki ya gagara a raba shi biyu. Kuma a riƙa yi a kai a kai, domin sau ɗaya a wata ba ya gina komai.

Shi sassauta jikin yaya ake yin sa?

Ka sami wuri shiru ka zauna ko ka kishingiɗa. Dunƙule hannunka da ƙarfi kamar daƙiƙa 5, ka lura da yadda ya ɗaure, sannan ka sake shi gaba ɗaya na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka lura da bambancin. Haka za ka bi damtse, goshi, muƙamuƙi, kafaɗu, ciki, cinyoyi, har yatsun ƙafa. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa. Mai yawan fargaba yakan yi shekaru kafaɗunsa a ɗage, haƙoransa a cije, bai ma sani ba. Wannan atisaye ke koya masa gane ɗaurewar tun tana farawa.

Sai numfashi. Ɗora hannu a ciki, ja iska ta hanci kana ƙirga 4, ka sake ta a hankali kana ƙirga 6. Fitarwar ce ya kamata ta fi tsawo. Kada a riƙa zuƙar iska da yawa da sauri, domin hakan na kawo jiri da jin yatsu na tsikari, sai mutum ya ƙara firgita. A fara koyon duka biyun lokacin da hankali ke kwance, ko bayan sallar asuba ko kafin barci, na mako ɗaya ko biyu. Ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

To, wanne ne ke warkarwa, sassauta jikin ko tunkarar?

Tunkarar. Wolpe ya ɗauka dole sai an haɗa su, kuma yawancin marasa lafiyarsa a zuci suke hasko abin tsoron suna kwance. Binciken da ya biyo baya ya nuna tunkara na aiki ko babu sassautawa, kuma haɗuwa da abin ido da ido ta fi hasko shi a zuci ƙarfi. Michelle Craske ta Jami'ar California da abokan aikinta sun ƙara da cewa tsohon tsoro ba gogewa yake yi ba, sabon darasi ne ke hawa kansa ya danne shi, kuma darasin ya fi kama jiki idan abin da mutum ya yi tsammani bai faru ba. Don haka kafin kowane mataki yana da kyau ka faɗi abin da kake tsoro a fili, "za ta yi tsalle ta yakushe ni", bayan an gama ka duba ko hakan ya faru.

Duk da haka ni ban raina sassauta jiki ba. Shi ke ba mutane da yawa ƙwarin gwiwar taka matakin farko, yana gyara barci, yana rage fargabar yau da kullum. Inda ake kuskure shi ne a mayar da shi maɓoya: mutum yana gaban abin amma ya rufe ido yana ƙirga numfashi don kada ya ji komai. Wannan gudu ne a tsaye.

Me zai hana a kama shi kawai a tura shi ga abin, a huta?

Kada a yi. Na sha ganin an jefa wa yarinya ƙadangare a jiki ana dariya, ko an kulle yaro a ɗaki mai duhu wai don ya zama namiji. Abin da yaron ke koya a nan shi ne abin tsoron na iya faɗo masa ba shiri, kuma na gida ma ba abin amincewa ba ne. Tsoro ya zama biyu. Akwai salon da ƙwararru ke farawa daga saman tsani, amma da yardar mai lalurar, bayan an yi masa bayani, kuma yana da ikon cewa a dakata. Linzamin a hannunsa yake, in aka ƙwace shi an bar magani an koma cin zali.

Ni in na ga jini ko allura suma nake yi. Wannan hanya za ta yi mini?

Za ta yi, amma da gyara mai muhimmanci. A sauran nau'o'in tsoro bugun jini hawa yake yi. A tsoron jini da allura yakan hau na ɗan lokaci sannan ya faɗi farat ɗaya, jini ya ragu a ƙwaƙwalwa, mutum ya zube. Sassauta jiki a nan na iya ƙara jawo sumar. Wani masani ɗan Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da akasin haka a 1987: ka ɗaure tsokar hannuwa da ƙirji da ƙafafu na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi ya hau fuskarka, ka saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka maimaita sau 5. Hannun da za a yi wa allura shi kaɗai za a bari a sake. Mai hawan jini ko mai ciki su fara tambayar likita.

Matar da na faɗa a farko ta wannan hanyar ta bi. Ta fara da riƙe sirinji marar allura a gida, ta raka ƙawarta rigakafin jariri ta tsaya daga bakin ƙofa, wani makon ta shiga ciki. Ranar nata ɗibar jinin ta gaya wa nas gaskiya tun kafin a fara, aka kwantar da ita a gado maimakon kujera. Gwajin ya nuna jininta ya yi ƙasa sosai, aka ɗora ta a kan magani kafin haihuwa.

Abin da ba a iya kawo shi ɗaki fa, kamar jirgin sama ko faɗuwar gaba haka kawai?

Ga jirgi akan fara da haskowa a zuci, da bidiyo, da zuwa filin jirgi. A wasu ƙasashe ana amfani da tabarau na kwamfuta da ke sa mutum ya ji kamar yana wurin. Barbara Rothbaum da abokan aikinta a Amurka sun gwada shi kan masu tsoron hawa wuri mai tsayi a 1995. Mai tsoron magana a gaban jama'a yakan fara da mutum biyu na gida, ya kai ga yin tambaya a aji ko a taron unguwa.

Mai firgita ta farat ɗaya kuwa, abin da yake tsoro a jikinsa yake: bugun zuciya, jiri, sarƙewar numfashi. Bayan likita ya tabbatar zuciyarsa da huhunsa lafiya, akan sa shi ya jawo waɗannan alamomi da gangan, ya hau bene da sauri ko ya yi juyi a tsaye, har jikinsa ya gane bugun zuciya ba sallamar mutuwa ba ne. Irin wannan firgita takan kai ƙarshen ƙarfinta cikin kamar minti 10 sannan ta fara sauka.

Waswasin alwala da salla yana cikin wannan?

Dangi ne na kusa. Wanda ke maimaita alwala sau bakwai, ko ya yi ta sake kabbarar harama har liman ya yi ruku'u, kowace maimaitawa tana ba shi irin sanyin nan na gudu, shakka kuma ta dawo da ƙarfi. Victor Meyer ya nuna a Landan a 1966 cewa maganin shi ne a fuskanci shakkar a kuma hana kai maimaitawa. Abin sha'awa, malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun daɗe da cewa wanda kokwanto ya aure shi ya yi watsi da shi, kada ya bi shi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an umarci mai shakkar karyewar alwala a cikin salla da kada ya fita sai ya ji sauti ko wari. Likita da malami a nan bakinsu ɗaya.

A gida an ce aljanu ne ko sammu. In bar addu'a in je asibiti?

Ba wanda ya ce ka bari. Yi addu'arka, yi azkar ɗinka, ka kuma hau tsaninka, ba sa karo da juna. Abin da nake roƙo shi ne kada a yarda da duka, ko ɗauri da mari, ko turnuƙe mutum da hayaƙi. Kuma a je a yi gwaji, domin ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, rikicewar bugun zuciya, da wasu nau'o'in farfaɗiya duk suna iya zuwa da kamannin firgita.

Babu ƙwayar da zan sha kawai?

Ga tsoron abu guda, kamar kyanwa ko allura, tunkara ta fi ƙwaya nesa ba kusa ba. Ga fargaba mai yawa, firgita da waswasi, akwai magunguna irin su fluoxetine da sertraline da likita ke rubutawa, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu, ana kuma iya haɗa su da tunkara. Wanda nake jan kunne a kansa shi ne diazepam da danginsa da ake saye a kemis ba takarda. Yana kwantar da hankali nan take, amma jiki na sabawa da shi, kuma in ka tunkari abin tsoro da shi a cikinka, ƙwaƙwalwa ƙwayar za ta gode wa. Tiramadol da kodin kuwa ƙara rura wutar suke yi. A kuma duba goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari, domin sinadarin da ke cikinsu na sa zuciya gudu da rawar hannu.

Wane tsawon lokaci ake ɗauka, kuma yana dawowa?

Öst ya nuna a 1989 cewa tsoron abu guda na iya raguwa sosai a zama ɗaya mai tsawon har awa 3 tare da ƙwararre. Firgita da tsoron jama'a da waswasi sukan ci wata 3 zuwa 4 ana zama mako-mako. Yana iya leƙowa daga baya, musamman lokacin rashin lafiya, rashin barci ko wata damuwa, ko in an haɗu da abin a sabon wuri. Shi ya sa ake so a yi atisayen a wurare daban-daban: kyanwar maƙwabta da ta kasuwa, fara da baƙa, da rana da dare. In ya dawo sai a sauko mataki biyu a sake hawa, karo na biyu ya fi sauri.

Zan iya yi ni kaɗai, ko sai na ga likita?

Tsoro mai sauƙi na abin da ba shi da haɗari, kamar kyankyaso, duhu ko hawa bene, kana iya gina tsaninsa da taimakon wani mai haƙuri a gida. Amma wanda tsoronsa ya samo asali daga garkuwa, harin 'yan bindiga, fyaɗe ko mummunan hatsari, yana mafarkin abin yana zabura, kada ya tono shi shi kaɗai. Akwai tunkara ta musamman ga irin wannan, wadda Edna Foa ta tsara a Amurka, kuma sai da ƙwararre. Haka mai suma, mai ciwon zuciya ko asma, mai shan ƙwaya, da duk wanda ya fara tunanin kashe kansa. Na ƙarshen nan a kai shi asibiti a ranar.

A arewacin Nijeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Maiduguri, Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. A Nijar akwai irin wannan sashe a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. In ka je, ka tambaya ko akwai masanin halayyar ɗan Adam mai yin magani ta hanyar zama da tattaunawa. Ka tafi da takarda da ka rubuta abin da kake tsoro, tun yaushe ya fara, abubuwan da ya hana ka yi, da duk maganin da kake sha, har na gargajiya.